Facebook ya ce dubu uku, Google ya ce ɗari biyu da hamsin: wa zan gaskata?

Tambayar da wani ƙanenmu ya aiko ita ce: "Yaya, ina riƙe wa maigidana lissafi a kasuwar Mile 12, kuma ina rubuta farashin kayan gwari da abin da na koya game da lodi da ajiya. Ina sa rubutun a ɗan shafin intanet ɗin da aka buɗe mana, sai in raba linkin a Facebook da WhatsApp. Farashin tumatir na ranar Litinin, Facebook ya ce 3,000 sun gani, ma'aunin kamfanin da ke riƙe mana shafin ya ce 400, Google Analytics kuma ya ce 250. Wanda kuwa na kwana uku ina rubutawa a kan ajiyar albasa, 60 kacal. Sannan Google na nuna kusan duk masu karatuna 'yan Legas ne, alhali masu kirana daga Kano da Zariya da Aliero suke. Wa zan gaskata? Ko in daina wahalar da kaina da dogon rubutu?"

Ƙanena, kada ka daina. Zan zo kan dalili, amma bari mu fara warware lambobin nan uku, don muddin suna rikita ka, duk shawarar da ka yanke a kansu za ta karkace. Na daɗe ina kula wa 'yan kasuwa da shafukansu a nan Ikeja, kuma da yawansu da irin wannan tambayar suke fara zuwa mini. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikin ukun nan. Abin da kowanne ke ƙirgawa ne daban.

Tsaya a bakin rumfarku da safe bayan motoci sun sauke kaya. Mutum nawa ke giftawa ta gabanka? A cikinsu nawa ke tsayawa su taɓa kwando? Nawa ke tayawa, kuma nawa ake sallama wa? Facebook masu giftawa yake ƙirgawa. Da zarar rubutunka ya bayyana a allon wayar mutum, ko babban yatsansa bai tsaya ba, an rubuta an gani. Tun 2024 kamfanin Meta, mai Facebook, ya mayar da yawan kallo babban ma'auninsa a Instagram da Facebook, kuma ma'aunin yana ƙirga maimaici: wanda ya ga abin da safe, ya sake cin karo da shi bayan isha'i, sau biyu ke nan. Saboda haka 3,000 ɗin nan ba mutum 3,000 ba ne, balle a ce mutum 3,000 ne suka karanta. Idan ka shiga bayanan rubutun a Facebook, nemi adadin waɗanda suka latsa linkin. Wannan ita ce lambar da za ka iya ajiyewa kusa da ta Google, kuma za ka ga tazarar ta ragu ƙwarai.

Na biyu, ma'aunin kamfanin da ke riƙe shafin, yana zaune ne a kan saba, wato kwamfutar da aka ajiye rubutunka a ciki. Shi kamar maigadi ne da aka ce ya rubuta duk wanda ya taka ƙofa. Zai rubuta mai saye, zai rubuta ɗan dako, zai rubuta kai kanka duk shigar da ka yi. Akwai manhajoji masu yawo da kansu a intanet dare da rana, ana ce musu bot. Google yana da nasa da yake aikowa ya karanta shafuka don ya san abin da zai nuna wa masu bincike, Bing yana da nasa, kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ma suna da nasu, ga kuma na ɓarayi masu lalube ko an bar ƙofa a buɗe. Hatta ɗan hoto da kanun da ke fitowa idan ka liƙa linki a WhatsApp ko Facebook, sai da manhajar ta je shafinka ta ɗauko su, kuma sabar ta rubuta wannan zuwan. Ma'aunai irin su AWStats suna ƙoƙarin ware bot gefe, amma wanda ya yi shigar burtu ya zo kamar mutum yakan wuce. A irin wannan ma'aunin kuma ka lura da wane layi kake karantawa, don akwai wanda ke ƙirga kowane hoto da kowane fayil da shafin ya ɗauko. Buɗewa ɗaya ta rubutu mai hoto goma sai ta fito a can kamar abu goma sha wani abu.

Google Analytics kuwa ta wata hanyar yake bi. Akwai wani ɗan guntun umarni da aka dasa a shafinka, sai ya sauka a wayar mai karatu ya yi aiki kafin a ƙirga shi. Yana cire sanannun bot da kansa, shi ya sa ya fi tsabta. Amma shi ma yana da ramin da mutane ke faɗawa. Mutum yana cikin danfo a hanyar Ikorodu, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ya ga farashin kwando a layin farko, ya rufe kafin sauran kayan shafin su gama sauka: wannan ya karanta, amma Google bai gan shi ba. Mai burauzar (wato manhajar buɗe shafukan intanet) da ke toshe talla da masu bin diddigi, shi ma ba a ganinsa. Masu amfani da Opera Mini a yanayin tsananin tsimin data, su kuma sabar kamfanin Opera ce ke buɗe shafin ta matse shi kafin ya iso wayarsu, don haka ƙirgarsu ba ta cika fita daidai ba, kuma ka san yawan mutanenmu da ke tsimin data. To ka ga na saba ya zarce, na Google ya gaza. Ainihin adadin yana tsakani, kuma a irin shafinka ya fi kusa da na Google.

Shawarata a nan gajeriya ce. Zaɓi ma'auni ɗaya ka riƙe, ni Google Analytics zan ce. Wanda ya auna wake da tiya a Dawanau, ya zo Legas ya auna da robar fenti, ba zai ce an cuce shi don adadin ya canza ba. Abin da kake nema shi ne ka gane ko na wannan makon ya fi na makon jiya, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da mudu ɗaya.

Yanzu mu shiga cikin 250 ɗin kanta, don ita ma ba abu ɗaya ba ce. Tsohon tsarin Google Analytics ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023, wanda kake amfani da shi yanzu shi ne GA4. A gaban kowane rubutu zai nuna maka adadin buɗewa, da adadin masu ziyara, wani wurin kuma da adadin zama. Buɗewa ita ce duk lokacin da shafin ya sauka, ko da mutum ɗaya ne ke ta sabunta shi. Zama shi ne shigowa guda, kuma yana ƙarewa ne idan mutum ya yi minti 30 bai taɓa komai ba. Dillalin da ya buɗe farashinka da asuba, ya sake dubawa da hantsi yana ciniki, ya kuma dubawa da la'asar, buɗewa uku ne, zama uku, mai ziyara ɗaya. Idan ka raba buɗewa da masu ziyara ka ga kowane mutum yana buɗe rubutun farashi sau biyu ko uku, wannan alama ce mai kyau ƙwarai, tana nufin an mayar da kai abin dogaro.

Sai dai "mai ziyara" a wurin Google ba ɗan Adam ba ne, burauza ce. Yana ajiye wata 'yar shaida a cikinta, ana ce mata kuki, da ita yake gane wanda ya taɓa zuwa. Alhaji ya latsa linkinka a cikin Facebook, ya buɗe da burauzar da ke cikin manhajar. Anjima ya buɗe da Chrome. Da daddare ya duba a ɗaya wayar tasa. Mutum uku ke nan a lissafi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kuma wannan ya fi shafar irin masu karatunka, yaro ɗaya ne zai buɗe rubutun a majalisa ya karanta wa dattawa biyar da ba su yi boko ba, Google ya rubuta mutum ɗaya. Wani ya ɗauki hoton allon ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan gwari mai mutum ɗari biyu, wani ya karanta farashin a saƙon murya ya tura Ɗanja. Duk waɗannan babu ko ɗaya da zai shiga lissafinka. Ni na tabbata farashinka yana zuwa inda lambobinka ba su sani ba. Abin da za ka yi game da wannan shi ne ka tabbata sunan rumfarku da lambar wayarku suna kusa da jerin farashin, kusa ƙwarai, ta yadda duk wanda ya ɗauki hoton allo sai ya haɗa da su.

Akwai gyare-gyare biyu da za ka yi kafin ka yarda da kowace lamba a kan rubutu guda. Na farko, kai kanka. Wanda ya kwana uku yana rubutu, zai buɗe shi ya duba kuskure, ya gyara, ya sake buɗewa, ya nuna wa maigida. A cikin 60 ɗin albasar nan wataƙila goma naka ne. Gara in faɗa maka gaskiya. GA4 yana da hanyar cire mai shafi ta adireshin intanet ɗinsa, amma ga mai amfani da datar waya ba ta cika aiki ba, don adireshin yana canzawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ware burauza ɗaya mai toshe bin diddigi, da ita kaɗai za ka riƙa duba aikinka. Na biyu, idan ka canza kanun rubutu bayan ka wallafa shi, rahoton da ke jera rubutu da kanu zai raba shi gida biyu, tsohon suna da lambarsa, sabo da tasa. Mutane da yawa suna ganin rabi su ɗauka shi ne duka. Sauya rahoton ya riƙa jerawa da adireshin shafi, shi ba ya canzawa don ka gyara kanu.

Maganar Legas kuwa, masu kiranka ne suka fi gaskiya. Google Analytics ba ya ganin inda mutum yake tsaye, yana hasashe ne daga adireshin intanet ɗin da kamfanin waya ya ba shi. Kamfanonin waya suna tattara masu amfani da yawa su fitar da su ta 'yan ƙofofi kaɗan, kuma Legas ita ce babbar ƙofar ƙasar nan. A gaɓar tekun nan manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa suka sauka: MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, Equiano ta Google da ta iso a 2022, da wasunsu. Don haka mutum yana zaune a Kura ko Garun Malam, rahoto ya ce yana Legas. Masu VPN kuma, wato manhajar da ke ɓoye ainihin inda mutum yake, ƙasar ma gaba ɗaya suke canzawa. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa sun kunna VPN suka bar ta a kunne, masu shafuka suka riƙa ganin 'yan Najeriya suna fitowa a matsayin baƙi daga Amurka da Turai. Ka yarda da rahoton ƙasa da ɗan taka-tsantsan, rahoton gari kuwa kada ka gina komai a kansa.

Ka kuma duba agogo. Shiga saitin Google Analytics ka tabbata an sa lokacin Najeriya, don wanda ya buɗe maka yana iya barin shi a na wata ƙasa. Search Console (wani ma'aunin Google ne da zan zo kansa) da YouTube su da lokacin yammacin Amurka suke yanke kwana, wanda ke bayanmu da awa takwas ko tara gwargwadon lokacin shekara. Ranarsu tana ƙarewa ne da ƙarfe takwas ko tara na safiyarmu, daidai lokacin da kasuwarku ke ci. Masu karatunka na asubahin Talata a lissafin Litinin za su faɗa. Sannan rahoton GA4 yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya daidaita, don haka lambar da ka gani yau ta yau, ba ta gama nuna ba.

To, ga abin da ya fi damuna a tambayarka: ka ɗora rubutun albasa da na tumatir a sikeli ɗaya. Kai da ke Mile 12 ka fi ni sanin bambancin kayan nan biyu. Tumatir in ya kwana biyu a ƙasa ya fara ruwa, dole a sayar da shi yau. Albasa in ta bushe da kyau aka ajiye ta inda iska ke shiga, tana yin watanni tana jiran kasuwa. Rubutunka ma haka yake. Farashin Litinin yana tashi cikin awowi kaɗan, ranar Laraba babu mai buƙatarsa, har abada kuma ba zai ƙara komai a kan 250 ɗinsa ba. Rubutun ajiyar albasa ba ta Facebook zai samu mutanensa ba. Mai gungura Facebook a cikin cunkoson gadar Third Mainland ba ajiyar albasa ce a ransa ba. Mutanen wannan rubutun su ne waɗanda wata rana za su shiga Google su rubuta tambayar da bakinsu, saboda albasarsu ta fara tsiro ko ruɓewa. Kafin Google ya gano sabon rubutu ya fara ɗaga shi sama, ana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Yi lissafin da kanka: a ce mutum biyar kacal yake samu a rana, a shekara 1,825 ke nan, ya ninka na tumatir sau bakwai, kuma ba ka sake ɗaga alƙalami ba. Ba ina yi maka alkawarin zai samu haka ba ne. Ina nuna maka cewa a makon farko ba a yanke wa irin wannan rubutun hukunci.

Kuma yana da lokacinsa. Idan sabuwar albasa ta cika kasuwa da rani, farashi ya faɗi, a nan manomi da ɗan kasuwa ke neman yadda za su ajiye. Farashin tumatir shi kuma ya fi jan mutane da damina lokacin da yake tsada. Don haka idan ka yi shekara kana wannan aikin, ka riƙa gwada watan bana da takwaransa na bara, kada ka gwada Maris da Yuli. Ga wani abu da za ka yi yau ɗin nan: GA4 yana zuwa ne a saite ya riƙe cikakkun bayanan bincike na wata biyu, amma ana iya mayar da shi wata 14. Shiga ka canza, don abin da ya goge ba ya dawowa.

Madubin da ya dace da rubutun albasa shi ne Search Console, kyauta ne, na Google ne, kuma yana riƙe bayanan wata 16. Zai nuna maka sau nawa rubutun ya bayyana a sakamakon bincike, sau nawa aka latsa, da kuma a wane mataki yake fitowa. Yadda ake karanta shi ba wuya. Idan ba ya bayyana ko kaɗan, duba ko Google ya ma san da shi, akwai wurin da za ka liƙa adireshin ka nemi a zo a karanta. Idan yana bayyana amma a can ƙasa, a mataki na ashirin ko talatin, sai haƙuri da ƙara inganta shi, da sa linkinsa a cikin sauran rubuce-rubucenka. Idan kuwa yana fitowa a sama amma ba a latsawa, kanun ne da matsala. Abin da na fi so a wurin nan shi ne jerin kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ka. A nan za ka ga Hausar waya ta gaske: babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, "yadda ake" a haɗe ko a rabe, wani ya sa "ajiye" wani "adana", wani ya cakuɗa da Turanci. Kai ka rubuta Hausarka daidai da ƙa'ida, amma ka ɗauki kalmomin da mutane suka fi amfani da su ka sa a kanu da sakin layin farko. Kuma duk tambayar da ka gani a jerin nan wadda ba ka amsa ba, ga rubutunka na gaba an ba ka. Ka tuna rubutu mai amfani a kan noma da kasuwanci da Hausa bai yi yawa a intanet ba. Wanda ya san abu a aikace irinka, ya zauna ya rubuta shi tsaf, ba shi da abokan gasa da yawa, kuma ni wannan ne ya sa nake jin ciwo idan na ga irinku suna karaya saboda lambar mako ɗaya.

Bayan adadi, duba daɗewa. GA4 yana auna lokacin da shafin yake a gaban mutum a zahiri, ba lokacin da yake buɗe a baya wayar tana aljihu ba. Yana ɗaukar zama a matsayin mai ma'ana idan ya wuce daƙiƙa 10, ko mutum ya buɗe shafi biyu, ko ya yi wani abin da ka ware a matsayin muhimmi. Yana kuma iya rubuta wanda ya gangara har kashi 90 cikin ɗari na shafi. Amma nan ma da manufar rubutun za ka auna. Daƙiƙa 15 a kan farashi nasara ce, mutum ya samu abin da ya zo nema ya koma ciniki. Daƙiƙa 15 a kan rubutun da ke cin minti shida kafin a gama karantawa, tana nufin farkonsa bai riƙe mutum ba, ko shafin ya yi nauyi da manyan hotuna ya ƙi sauka. Idan kuwa ka tarar mutanen nan 50 da suka rage bayan an cire goman naka sun yi minti uku uku a kan albasa, wallahi ka yi abin kirki, ka samu masu karatu na gaske. Sai dai ka yi hattara da matsakaici idan mutane kaɗan ne. Mutum ɗaya da ya ajiye waya a buɗe yana cin abinci zai iya ja wa lissafin sama. Duk abin da bai kai ɗari ba, ka ɗauke shi a matsayin alama, kada ka ɗauke shi hujja. Bambancin 60 da 75 ba komai ba ne.

Za ka kuma ga babban kaso na masu zuwa an ce kai tsaye suka shigo, kamar sun hardace adireshinka. Mafi yawansu daga WhatsApp suke, don sau da yawa ba ta gaya wa shafi daga ina mutum ya fito. Maganinsa 'yar alama ce da ake liƙawa a ƙarshen linki, ana ce mata UTM. Wanda za ka raba a WhatsApp ka ƙara masa ?utm_source=whatsapp a wutsiya, na Facebook ka sa sunan Facebook. Kana ma iya bambanta zauren dillalai da na manoma. Cikin wata ɗaya za ka san wane zaure ne ke karanta ka da gaske.

Wani lokacin kuma lamba tana faɗuwa ba laifinka ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya na kwanaki. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, mutane suna neman inda za su yi cajin waya. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ƙara ɗaure aljihu. Da azumi lokutan karatu suna komawa bayan sahur da bayan tarawihi. Ranar Sallah ba mai neman farashin tattasai. Kai ma'ajin lissafi ne, ka ware shafi ɗaya a littafinka ka riƙa rubuta irin waɗannan ranakun, don bayan wata shida idan ka ga rami a jadawali ka san abin da ya haƙa shi.

In ja kunnenka a kan abu ɗaya. Za a zo maka da tayin sayar maka da masu kallo. Na taɓa karɓar aikin wani shafi da aka yi wa haka kafin ya zo hannuna. Lamba ta yi tsalle cikin dare, duk daga ƙasashen da ba ruwansu da Hausa, daɗewarsu kusan sifili, kuma ko kira ɗaya bai ƙaru ba. Abin da ya fi muni, sharar ta gauraya da masu karatu na gaske, sai da muka yi watanni kafin mu sake gane wane rubutu ne ke aiki. Idan kuma kana da niyyar sa tallan AdSense, tsarin tallan Google, wata rana, irin wannan zirga-zirgar ta bogi tana sa a rufe asusun mutum, haka ma latsa tallanka da kanka ko sa abokai su latsa. Kuma AdSense ba ya biya sai kuɗin sun kai dala 100, masu talla kuwa sun fi biya da tsoka a kan masu karatu na Amurka da Ingila fiye da namu. Ga mai shafi irin naka, la'adar mota ɗaya ta albasa za ta fi abin da talla zai tara maka cikin dogon lokaci.

Wannan ya kawo mu lambar da babu wani kamfani da zai ƙirga maka ita sai ka sa hannu. Don me kake rubutun? Don a san rumfarku, a kira, a turo kaya ko a yi oda. To sa maɓallin kira da na WhatsApp a ƙarshen kowane rubutu, ka sa wanda ya iya ya saita GA4 ya riƙa rubuta duk latsawar da aka yi musu a matsayin muhimmin abu. Daga nan za ka ga gaban kowane rubutu mutum nawa ne ya motsa. Wanda ya fi wannan sauƙi ma, duk baƙon da ya kira, bayan gaisuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, a ina ka samu lambarmu?" ka rubuta amsar kusa da sunansa. Ba zan yi mamaki ba idan ka tarar mai karanta farashi yana dubawa ne ya je ya yi ciniki da dillalinsa na da, shi kuwa wanda ya karanta bayanin ajiya har ƙarshe ya ce yaron nan ya san albasa, bari in ba su kayana.

Ci gaba da farashin, shi ke sa a saba da kai kullum. A ƙarƙashin kowane farashin albasa ka sa layi ɗaya mai kai mutum ga bayanin ajiyar. Rage nauyin hotunan da ke cikinsa, ka ɗauko amsar da mutum ya fi buƙata ka kawo ta sakin layin farko, ka haɗa shafin da Search Console a makon nan. Daga nan ka rage leƙen lambobi, sau ɗaya a mako ya isa, ranar da kasuwa ta yi sanyi. Idan wata uku suka cika, turo mini hoton allon rubutun albasar daga Search Console, mu zauna mu duba kalmomin da suka kawo mutane. Ka gaida maigidan naka.